Ciwon damuwa: bambancin hanyoyin maganin zantawa da abin da gwaje-gwaje suka nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya, wato ciwon da likita ke rubutawa «dépression» a takardarsa ta Faransanci. Mata sun fi maza kamuwa da shi. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun wata kulawa ko kaɗan.

Ba kowane ɓacin rai ne ciwo ba. Likitoci suna kiransa ciwo idan mutum ya yi aƙalla mako 2 cikin ƙunci kusan kullum, ko ya daina jin daɗin abubuwan da a da suke faranta masa rai, tare da wasu alamu irin su rashin barci ko yawan barci, sauyin cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, ko tunanin mutuwa. A wurinmu sau da yawa mara lafiya ba ya zuwa asibiti da batun ƙunci. Da ciwon kai yake zuwa, ko zafin ƙirji, ko faɗuwar gaba, a auna jini a ce babu zazzaɓin cizon sauro, ya koma gida da farasitamol.

Magani iri biyu ne aka tabbatar da amfaninsu: ƙwayoyi, da zantawa da wanda aka horar. Wannan bayani ya shafi na biyun. Maganin zantawa ya bambanta da nasihar da kawu ko aminiya ke yi, domin yana da tsari a rubuce, da adadin zama, da abin da ake son cimmawa a kowane zama. Hanyoyinsa suna da yawa, kuma kowace tana da nata zaton game da abin da ke riƙe mutum cikin ciwon.

Gyaran tunani da ɗabi'a

Ita ce hanyar da aka fi yi wa gwaji. A Faransanci ana taƙaita sunanta TCC, a Ingilishi CBT. Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ne ya kafa tushenta a jami'ar Pennsylvania ta Amurka cikin shekarun 1960, littafinsa na koyar da ita kuma ya fito a 1979. Beck ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba tare da sun gayyato su ba, kuma duk baƙaƙe ne ta fuska uku: game da kansu, da duniyar da suke ciki, da abin da gobe za ta kawo.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da jarinsa ya karye bayan an riƙe masa kaya a kan iyaka. Asarar gaskiya ce, babu mai musun ta. Amma daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba ya iya komai, kowa a kasuwa dariya yake masa, kuma ba zai sake tashi ba har abada. Mai ba da maganin zai zauna da shi su ɗauki waɗannan maganganu ɗaya bayan ɗaya su auna: wace hujja ce ke goyon bayanta, wace ce ke karya ta? Wa ya yi dariyar, yaushe? Sannan a ba shi aikin gida, misali ya je ya gaida tsofaffin abokan cinikinsa biyu, ya dawo ya faɗi abin da ya faru a zahiri.

Yawanci ana yin zama 12 zuwa 20, sau ɗaya a mako. Ƙarfin wannan hanya shi ne mutum yana fita da wata dabara a hannunsa. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005, cikin waɗanda suka samu sauƙi da ita aka kuma dakatar da zaman, kimanin kashi 31 cikin 100 ne ciwon ya dawo musu a cikin shekara guda, yayin da ya dawo wa kashi 76 na waɗanda aka janye musu ƙwaya. Rauninta a wurinmu a fili yake. Yadda aka tsara ta tun asali tana buƙatar rubutu, domin mara lafiya yana cike takardu tsakanin zama da zama, kuma horar da mai yin ta yana ɗaukar lokaci da kuɗi.

An samo hanyar sauƙaƙa ta. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun koya wa mata jami'an kiwon lafiya na ƙauye wani sassauƙan tsari mai amfani da hotuna, don taimakon masu juna biyu da masu jego. Sakamakon ya fito a 2008: wata 6 bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 na matan da aka yi wa tsarin ne ke da sauran ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 53. OMS ta mayar da shi littafin koyarwa a 2015.

Farfaɗo da harkokin yau da kullum

Wannan hanya ƙanwar ta farko ce, amma ba ta tsayawa muhawara da tunani. Zatonta shi ne mai damuwa yana janye jiki daga mutane da ayyuka, janyewar tana rage masa abin da zai ji daɗi ko ya ji yana da amfani, sai ƙuncin ya ƙaru, sai ya ƙara janyewa. Maganin shi ne a karya wannan zagaye daga waje. Ana tsara wa mutum ƙananan ayyuka masu ma'ana a gare shi, da rana da lokaci, ya yi su ko ransa bai so ba: fita sallar jam'i, share tsakar gida, zuwa suna, buɗe shago na awa 2. Ba a jiran sai kuzari ya dawo kafin a motsa, domin a irin wannan ciwo motsin ne ke jawo kuzarin.

Tushenta yana komawa ga ayyukan Peter Lewinsohn a shekarun 1970. A 1996 Neil Jacobson ya raba TCC gida-gida ya gwada, sai ya tarar wannan ɓangare shi kaɗai ya yi aikin da cikakken tsarin ya yi. A 2016 wani gwaji a Ingila mai mutum 440 ya nuna cewa ƙananan ma'aikata da aka ba wa gajeren horo sun samu sakamako daidai da na ƙwararrun TCC bayan wata 12, da kuɗi ƙasa da kusan kashi 20 cikin 100. A jihar Goa ta Indiya ma an gwada ta a ƙananan asibitoci, da zama 6 zuwa 8 a hannun mutanen da ba likitoci ba, kuma ta yi tasiri har ga masu ciwo mai ɗan nauyi. Ga inda masana suka yi ƙaranci, da wuya a samu hanyar da ta fi ta sauƙin yaɗawa.

Gyaran mu'amala da mutane

Gerald Klerman da Myrna Weissman ne suka tsara ta a Amurka cikin shekarun 1970. Sunanta a taƙaice TIP a Faransanci, IPT a Ingilishi. Tambayarta ta farko ita ce: me ya faru tsakaninka da mutane a lokacin da ciwon ya soma? Ana neman amsar a ɗayan wurare huɗu. Akwai rashi, wato mutuwar wani na kusa. Akwai saɓani da ya ƙi ƙarewa, da miji ko kishiya ko uban gida. Akwai sauyin matsayi, kamar aure, saki, haihuwa, ritaya, ciwo mai tsawo ko gudun hijira. Sai kuma kaɗaici. A zaɓi ɗaya ko biyu a yi aiki a kansu tsawon zama 12 zuwa 16.

Duk wanda ya san rayuwar zango zai ga inda wannan hanya ta dace da mu. Yarinyar da aka kai aure daga Maraɗi zuwa Abidjan ko Libreville ta rabu da uwa da ƙawaye a rana ɗaya, ta shiga garin da ba ta jin harshensa. Magidancin da rikici ya kora daga Bangi ya koma zaman jiran taimako a gabashin Kamaru ya rasa matsayinsa na mai ciyarwa. Matar da ta fita takaba, jama'a sun watse, kowa yana ganin ai an wuce wurin. A nan ba a ce wa mutum tunaninsa ne ya karkace. Ana taimaka masa ya yi jimamin abin da ya rasa, ya gane waɗanda zai iya jingina da su yanzu, ya kuma koyi yadda zai faɗi buƙatarsa ba tare da an yi faɗa ba.

Gwajin da ya fi shahara a Afirka an yi shi a ƙauyuka 30 na yankunan Masaka da Rakai a Yuganda, inda cutar sida ta yi ɓarna, aka wallafa shi a 2003. An haɗa mutane rukuni-rukuni, maza daban mata daban, suna zaman minti 90 kowane mako har mako 16, ƙarƙashin jagorancin ɗan yankin da aka horar. A ƙarshe kashi 6.5 cikin 100 ne kawai ke da sauran ciwon, yayin da a ƙauyukan da ba a yi zaman ba adadin ya kusa kashi 55. OMS ta fitar da tsarin rukuni mai zama 8 a 2016.

Warware matsala mataki-mataki

Ita ce mafi gajarta. Mutum ya lissafa matsalolin da suka yi masa katutu, ya zaɓi ɗaya da za a iya taɓawa, a zayyano mafita iri-iri, ya ɗauki guda ya gwada kafin zama na gaba. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya ɗora ta a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, ya damƙa aikin ga tsofaffin mata, waɗanda ake kira kakanni. Sun yi amfani da kalmar harshen Shona da ke nufin yawan tunani maimakon sunan ciwon na Turai. A gwajin 2016 mai mutum 573, bayan zama 6 a kan bencin da wata 6 na bibiya, kusan kashi 14 cikin 100 ne ke da alamun ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan rabi. Tsarin OMS mai suna PM+, mai zama 5, ya haɗa wannan dabara da ta farfaɗo da harkoki da koyon sassauta numfashi, kuma an gwada shi a Peshawar da Nairobi.

Tono tushen damuwa

Wannan ita ce hanyar da ta samo asali daga Sigmund Freud. Zatonta shi ne abin da ke damun mutum yau yana da saiwa a tsohuwar alaƙarsa da iyaye da waɗanda suka rene shi, da wasu ji da ya danne bai sani ba. Mai ba da maganin ba ya ba da aikin gida. Yana sauraro, yana nuna wa mutum salon da yake maimaitawa a rayuwarsa. Tsohon tsarin yana ɗaukar shekaru, amma akwai gajeren tsari na ƴan watanni, wanda shi ne aka fi gwadawa a kan ciwon damuwa.

Mai karatu a ƙasashen renon Faransa ya kamata ya san da ita, domin ta daɗe tana da ƙarfi a jami'o'in Faransa, kuma masu karatun halayyar ɗan Adam da Faransanci sun sha cin karo da ita. Har rikici an yi a kanta. A 2004 cibiyar binciken lafiya ta Faransa, INSERM, ta kwatanta hanyoyi uku a kan cututtuka 16, ta ce an tabbatar da amfanin TCC a 15, zaman iyali a 5, hanyar Freud kuwa a 1 kacal. Mabiyanta suka yi ca, har a Fabrairun 2005 ministan kiwon lafiya Philippe Douste-Blazy ya sanar da cire rahoton daga shafin intanet na ma'aikatarsa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa gajeren tsarin yana taimakon masu ciwon damuwa, ko da yake yawan bincikensa bai kai na TCC ba.

Akwai kuma wani tsari na mako 8 da ake yi a rukuni, inda ake koyon lura da tunani yana zuwa yana wucewa ba tare da an bi shi ba. An yi shi ne musamman don hana ciwon dawowa ga wanda ya taɓa kamuwa sau 3 ko fiye.

To wace ce ta fi?

Tun 1936 wani masani ɗan Amurka, Saul Rosenzweig, ya yi hasashen cewa hanyoyin za su tashi kusan kunnen doki, saboda abin da ya haɗa su ya fi abin da ya raba su: mutum mai sauraro da aka amince da shi, bayani mai ma'ana game da ciwon, da wani abin yi. Alƙaluma sun fi karkata ga maganarsa. A 1989 cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon gwajin mutum 250, inda aka kwatanta TCC, da TIP, da ƙwayar imipramine, da ƙwayar da babu magani a cikinta. A jimlace bambancin bai taka kara ya karya ba, sai ga masu ciwo mai tsanani, inda ƙwayar gaskiya ta yi gaba. A 2013 wani nazari ya tattara gwaje-gwaje 198 masu mutum fiye da 15,000, ya tarar hanyoyi 7 duk suna aiki, tazarar da ke tsakaninsu ƙarama ce ko babu. A 2021 Pim Cuijpers na Amsterdam da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 331, suka sake samun haka, illa dai sauraro da lallashi kawai, ba tare da tsari ba, ya ɗan zo a baya.

Abu biyu ya kamata a riƙe tare da wannan. Na farko, masu bincike sukan samu sakamakon da ya fifita hanyar da su kansu suke bi, don haka duk wanda ya ce tasa ce kaɗai mai aiki, a saurare shi da taka-tsantsan. Na biyu, babu hanyar da ke warkar da kowa. A wani lissafin na Cuijpers, kimanin kashi 41 cikin 100 ne alamunsu suka ragu da rabi bayan wata 2 na maganin zantawa, idan aka kwatanta da kashi 17 na waɗanda aka bari da kulawar da aka saba. Riba ce babba, amma tana nufin fiye da rabi za su buƙaci ƙarin lokaci, ko sauyin hanya, ko ƙarin ƙwaya. Wanda bai ji sauƙi a karon farko ba bai gaza ba.

Daga Ibadan ma an samu wani darasi. A gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta, wanda ya fito a 2019, an kwatanta wani tsari na musamman mai matakai da kulawar ma'aikatan ƙananan asibitoci da aka ba wa horon OMS na gane ciwon da kula da shi. Bayan shekara guda, kusan kashi uku cikin huɗu na kowane ɓangare sun samu sauƙi. A iya fahimtar haka da cewa horar da ma'aikacin asibitin unguwa ya gane ciwon ya kuma bibiyi mara lafiya yana ɗauke da kaso mai yawa na aikin.

Inda ƙwaya ke shigowa

Ga ciwo mara nauyi, OMS ba ta ba da shawarar a fara da ƙwaya ba. Ga matsakaici da mai tsanani ana iya amfani da ɗaya daga cikin biyun, kuma haɗa su ya fi kowanne shi kaɗai. Ƙwayoyin da aka fi samu a yankinmu su ne amitriptyline, wadda a kantunan maganin ƙasashen renon Faransa aka fi sani da Laroxyl, da fluoxetine. Sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, kuma jagoran OMS ya ce a ci gaba da sha wata 9 zuwa 12 bayan an samu sauƙi. Yawan shan amitriptyline fiye da ƙima yana iya kisa, don haka ba a barin ta da yawa a hannun mai tunanin halaka kansa. Wanda ya taɓa shiga wani yanayi na rashin barci kwana da kwanaki, da yawan surutu, da kashe kuɗi ba lissafi, ya faɗa wa likita kafin a rubuta masa komai, domin wannan wani ciwo ne daban mai magani daban. Tramol da diazepam na bakin titi ba sa maganin wannan ciwo, ƙari suke yi masa.

Wanda ya daina ci da sha, ko yake jin muryoyi, ko yake maganar kashe kansa, ba a jira da shi zaman mako mai zuwa. A kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da maganin ƙwari da igiya da ƙwayoyi daga inda yake. Tambayar mutum kai tsaye ko yana irin wannan tunani ba ta cusa masa shi.

Batun harshe da samun mai yi

A nahiyar Afirka, ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai 2 ga kowane mutum 100,000 ba a lissafin OMS na 2020, kuma mafi yawansu suna manyan birane: asibitin Jamot a Yawunde, Jacquot a Kwatano, Bingerville kusa da Abidjan, Pantang da Ankaful a Ghana. Saboda haka ga yawancin masu karanta wannan, zaɓin yana tsakanin abin da ke akwai ne, kuma labari mai daɗi shi ne gajerun tsare-tsaren da aka gwada a Yuganda da Zimbabuwe da Pakistan ba su buƙaci likita ba.

Bahaushen da ke zaune cikin wasu al'ummu yana da ƙarin matsala guda. Wannan magani da magana ake yin sa, kuma Faransancin da ya ishe ka ciniki a kasuwa ba lalle ne ya ishe ka bayyana abin da ke cin ranka ba. Idan sai da tafinta, gara ma'aikacin asibiti ko wani baƙo amintacce a kan miji ko ɗa ko suruka, domin sau da yawa abin da ake son faɗa ya shafe su. A zango inda kowa ya san kowa, tsoron fitar sirri shi ke hana mutane da yawa zuwa, don haka mara lafiya yana da haƙƙin tambaya tun zaman farko wa zai ga abin da aka rubuta.

Yana kuma da haƙƙin tambayar wace hanya za a bi, zama nawa, nawa ne kuɗin kowane zama, da yadda za a gane ana samun ci gaba. Akwai takardar tambayoyi 9 mai suna PHQ-9 da ake aunawa da ita cikin ƴan mintuna. Idan an yi zama 6 zuwa 8 maki bai motsa ba, lokaci ya yi da za a sake duba tsarin. Addu'a da zuwa wurin malami ba sa karo da ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, kuma a tsarin farfaɗo da harkoki ma sukan shiga jerin ayyukan da ake tsarawa. Abin da ya kamata shi ne likita ya san duk wani jiƙo ko garin magani da ake sha a gida kafin ya rubuta ƙwaya.